Abin da ke Tsakanin Magariba da Lisha

Ya kamata in faɗa tun farko cewa ban tabbata duk abin da zan rubuta haka ya faru ba. Ban wuce shekara tara ko goma ba a lokacin, kuma abin da yaro ya gani da abin da aka ba shi labari daga baya sukan gauraye har ya kasa raba su. A makaranta an koya mini kada in ce abu ya tabbata sai da shaida, shaidata kuwa a nan kaɗan ce: idona, kunnena, da maganar mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Yayana Mamman, wanda muka zauna bakin wuta ɗaya da shi, ya saɓa mini a wani wuri, zan nuna shi idan na zo kansa. Na kuma canja sunaye, amma wanda ya san gidanmu zai gane.

Gidanmu yana gefen Filinge, ta inda ake hango duwatsun da suka yi wa kwarin Dallol katanga. Idan an gama kai hatsi rumbu, ɗari ya shigo, Kaka, uwar mahaifinmu, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta da an idar da sallar magariba. Mu jikokinta mu jawo kwanukanmu mu kewaye ta, wani da gyaɗar da zai tura cikin toka, wani da zanen uwarsa ya lulluɓa har ka. Ba ta fara gatana, wato tatsuniya, sai ta ga kowa ya suɗe hannu. Daga nan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan ta taso, wa ka tare ta?" Mu ce mu ne. Takan yi ɗaya ko biyu, idan an kira lisha ta kore mu. Ni tana kirana 'yar lakwal, don ni kaɗai ce mace a gidan da aka sa makarantar boko, kuma ba yabo take nufi ba.

Akwai dalilin da ya sa wannan lokaci ya zama namu. A garinmu aure ba ya nufin zama tare. Saurayi yakan kashe maraicensa wajen zance a ƙofar gidan budurwa, wata da watanni, amma ranar da aka kawo masa ita ranar hirar ke ƙarewa. Bayan kwana bakwai abokansa su zo su fitar da shi. Daga nan safiyarsa ta gona ce ko ta kasuwa, maraicensa na maza ne. Kowane magidanci a layinmu yana fitar da akushinsa ƙofar gida bayan magariba, a haɗa su kan tabarma ɗaya a ci tare, shi ake kira ciyayya. Cikin gida ya rage wa mata da yara. Ban iya tuna ranar da na ga Baba da mahaifiyata zaune kan tabarma ɗaya da rana ba, kuma ba wai ba sa shiri ba ne. Haka kowa yake.

Zamanin soja ne. Ban fahimci mulki ba a lokacin, amma na san maza suna rage murya idan motar gwamnati ta wuce, na kuma san a tabarmar ciyayya ana maganar ruwa da tsutsar hatsi da kasuwar Lahadi, ba a maganar manya. Ana cewa kowace unguwa akwai mai kai rahoto, ba wanda ya san ko wane ne. Saboda haka idan mutum ya yi kwana biyu bai fito ba, ana lura.

Ƙanen mahaifina, autan Kaka, muna ce masa Baba Auta. Direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, yana tuƙa shugaban wurin zuwa Abala, Damana, wani lokaci har Yamai. Aikin nan shi ne abin alfaharin gidanmu. Mutum ne mai barkwanci, kafin ya yi aure shi ke fara shimfiɗa tabarma, shi ke naɗe ta. Ya auro Hajo daga wani ƙauyen Kurfai da ke arewa da mu, inda ubanta yake riƙe da addinin kakanni, gidansu gidan bori ne. Ita tana salla, na gan ta da idona, amma Kaka ba ta taɓa mantawa da inda ta fito ba. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma da yake mace ba ta kama sunan miji, sai take kiransa Shofer, wato direba.

Watannin farko ba abin da ya canja. Sai wajen ƙarshen damina Baba Auta ya fara dawowa da wuri. Ya aje mota tun rana na da saura, ya shige ɗaki, ya yi magariba a ciki maimakon masallaci. Akushinsa yana fita wurin ciyayya, shi ba ya fita. A saki asabari, a ji muryarsu ƙasa-ƙasa shi da Hajo, wani lokaci har da dariya.

Da safe, idan ya fito zai tafi aiki, maƙwabcinmu Malam Garba yakan tare shi.

"Ango, har yau ba a sallame ka ba? Mu kwana bakwai munka sani."

"Gajiya ce, Malam. Hanyar Abala ba ta barin mutum da ƙashi."

"To, to. Ko dai wanda ka tuƙa manya ya hi ƙarhin tuwonmu?"

Ana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Daga baya na ji cewa maza sun kasu biyu a kansa. Wasu suka ce ya ji wani abu a mota, yana gudun a kama shi tare da su. Wasu suka ce shi ne mai kai rahoton, yana ɗaki yana rubutu. Mata kuwa ba su kasu ba. A bakin rijiya magana ɗaya ce: 'yar gidan bori ta shanye shi. Matar mahauci ta ƙara da cewa duk Lahadi Hajo tana aikowa a aje mata hantar akuya, hanta kaɗai, ba tsoka ba ƙashi.

A cikin wannan hali ne Kaka ta yi mana gatanar mai tulu. Na tuna yadda ta zauna a ranar, domin ba ta fuskance mu ba. Ta juya kujerarta wajen ɗakin Hajo, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Wai an yi wani saurayi da duk gari ke so. Ba a suna, ba a jana'iza, ba a gayyar noma sai da shi. Wata rana ya tarar da wata mace a bakin rijiya a cikin kwari, ba wanda ya san danginta. Ya ce yana sonta da aure. Ta ce ba ta son sadaki, ba ta son zane, abu ɗaya take so.

"Ta ce mishi, ka ba ni abin da ke tsakanin magariba da lisha," in ji Kaka, ta siranta murya. "Shi kau wawan ya yi dariya. Ya ce, wannan ɗan abin? Ɗauki, ko akuya ba ta ƙoshi da shi."

Aka yi aure. Kullum idan rana ta faɗi matar ta miƙa hannu ta kama wannan ɗan lokacin, ta jefa cikin wani tulu da ke ƙarƙashin gado, ta rufe da faifai. Bayan wata guda ta ce tulun bai ko rufe gindi ba, ya ƙara mata daga la'asar zuwa magariba. Ya ƙara. Sai ta nemi hantsi. Sai ta nemi ranar kasuwa. Aka haifi ɗan abokinsa, bai je ba. Kawunsa ya rasu, bai je ba. Mutane suka yi ta kira a ƙofar gida har suka gaji, suka naɗe tabarmarsa suka rataye. Da aka jima sai suka fara tambayar juna, wai wancan gidan na wane ne?

Ranar da gobara ta kama dangarsa ya fito yana neman taimako, ba wanda ya waiga, domin ba wanda ya tuna sunansa. Mutum ɗaya ta tuna, uwarsa. Ta shiga cikin hayaƙi da taɓarya, ta jawo tulun ta fasa. Kwanakinsa suka tashi sama kamar tsuntsayen jan baki a gonar hatsi, kowane ya koma mazauninsa. Matar kuwa ta zama guguwa ta yi daji.

"Shi ya sa," in ji Kaka, har yanzu ba mu take kallo ba, "in mace ta ce maka ɗan kaɗan take so, ka leƙa ƙarƙashin gado."

Yara suka yi dariya. A ɗakin Hajo an yi tsit.

A nan ne muka saɓa da Mamman. Shi ya ce tsohuwar gatana ce, ya ji ta a bakin Kaka tun kafin a san da Hajo. Ni kuma ban tuna na taɓa jinta kafin wannan maraice ba, ban kuma ji ta a bakin kowa ba bayansa, ko da yake na tambayi tsofaffi da dama. Yana yiwuwa shi ke da gaskiya, ya girme ni da shekara uku. Amma ina zargin ƙirƙirarta ta yi, ko kuma ta ɗauko tsohuwa ta yi mata sabon ɗinki daidai jikin mutum ɗaya.

Kashegari da aka watse daga bakin wuta Kaka ta riƙe ni.

"Ke 'yar lakwal, ɗauki kaskon ga ki tahi ɗakin amarya ki ɗebo min wuta."

"Kaka, ga wuta nan gabanki."

"Wagga ta tsufa kamar ni. Tata nika so. Kada ki yi sallama da ƙarhi, mutane sun gaji."

Na gane abin da ake so da ni, ba zan ce ban gane ba. Har daɗi na ji da aka zaɓe ni. Na ɗaga asabarin a hankali. Baba Auta yana kwance kan tabarma, kansa a cinyar Hajo. Gefenta akwai kaskon garwashi da yankan hanta a kai. Ta ɗauki yanka ɗaya da zafinsa, ta matse da yatsu, ruwan yana ɗiga cikin idonsa, tana faɗin wani abu a hankali da ban ji ba. Sannan ta kama hannunsa ta buɗe tafin ta sa masa naman.

Ƙafata ta taɓa kwano. Ya ɗago kai. Ina tsaye gabansa, bai fi taki uku ba.

"Wane ne nan?"

"Abu ce," in ji Hajo. "Wuta ta zo ɗiba."

Ta zuba mini garwashi a kasko ba tare da ta yi sauri ba. Ta zaɓi yanka mai kyau ta miƙo mini.

"Ungo, ɗiyata, ci. Abin da kinka gani kuma, bar shi nan cikin ɗaki."

Ban ci ba. Na ƙulle shi a bakin zane na kai wa Kaka, na faɗa mata komai, har na ƙara da abin da ya fi ba ni tsoro: an juya masa hankali har bai gane 'yar wansa ba. Kaka ta karɓi hantar ta shinshina, ta jefa cikin wuta. Sannan ta yi mini tambaya ɗaya.

"Da kinka shiga, ke ya duba, ko inda kwanon ya yi ƙara?"

Na ce inda kwanon ya yi ƙara. Ta ce in je in kwanta.

Maraicen da ya biyo baya Kaka ba ta hura wuta ba. Babu farin wata, tsakar gida ta yi duhu tun kafin a gama cin abinci. Ta aika aka kira Baba daga wurin ciyayya. Katangarmu gajera ce, tabarmar maza kuwa tana bayanta, kuma da Baba ya shigo sai hirar waje ta mutu.

"Auta, hito."

Aka ɗaga asabari. Ya tsaya a bakin ƙofa, Hajo tana bayansa, hannunta riƙe da gefen rigarsa.

"Ke, sake shi. Kai kuma taho wurina. Taki goma ne, ba Abala ba."

Hajo ta sake shi. Bai motsa ba.

"Inna, a bari da sahe mu yi magana."

"Da sahe kai na gwamnati ne, da dare kai nata ne. Ni yaushe ne rabona? Yanzu nika so." Ta juya kan Hajo. "Ɗiyar mutane, mi kike ɗiga mishi ga ido?"

"Inna, ga shi nan tsaye," in ji Hajo. "Shi ka da bakin hwaɗi."

Muka jira. Na ji ya ja numfashi kamar zai yi magana. A daidai nan wani ya yi tari a bayan katanga. Baba Auta ya juya kunne wajen, ya rufe baki. Yanzu na san lissafin da ya yi: abin da aka ji a bayan katangar nan kafin hantsi ya kai ma'aikata, kuma a wancan zamani direban gwamnati da ya ɓoye irin wannan abu ba kora kaɗai yake tsoro ba. Amma a ranar abin da kowa ya gani shi ne namiji da uwarsa ta kira, ya kasa tako ƙafa sai da izinin matarsa.

Baba ya ce, "Inna, a bi a hankali."

"A hankali anka bi har munka zo nan," in ji Kaka. "Amarya, ki tahi gida ki huta. In ya dawo hayyacinshi, shi biyo ki."

Da safe Hajo ta ɗaure kayanta a ƙwarya biyu. Baba Auta ya riga ya tafi aiki, ko ya gudu, ban san wanne zan ce ba. Ta wuce ni ina wanke allon lakwal a bakin randa, ta tsaya.

"Abu, kin ci hantar?"

Na sunkuyar da kai.

"Da kin ci. Ta yi daɗi ranar."

Ban sake ganinta ba.

Gaskiya ta fito ne bayan kamar mako uku. An tafi Abala, taro ya ja shugabansa, ba su kamo hanya ba sai da rana ta yi ja. A tsakiyar daji Baba Auta ya tsayar da mota ya kashe, ya ce wa mutumin ba zai iya ƙara ko taki ɗaya ba, domin idan rana ta faɗi ba ya gani. Dundumi ne, makantar dare. Ya fara jinsa tun kafin aure, ya tsananta da damina. Jandarmomi, wato 'yan sandan soja, suka riƙe shi kwana biyu, aka karɓe makullin, aka sallame shi. Hantar kuwa magani ce da tsofaffi suka sani tun da, ana gasawa a ɗiga ruwan a ido a ci naman. Abin da Hajo take faɗi a hankali, in ji shi, ba surkulle ba ne. Labarin yinin take ba shi, wa ya haihu, akuyar wa ta shiga gonar wa, don kada ya fita da safe a gane bai san abin da gari ke ciki ba.

Baba da dattawa biyu suka je biko har sau biyu. Uban Hajo ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka dama musu fura, ya saurare su har suka gama. Ya ce ɗiyarsa ta sayar da awakin da ta je da su don ta sayi hanta, sakayyar da ta samu ita ce a kira gidansa gidan sammu a gaban unguwa. A zuwa na biyu ita da kanta ta yi magana daga bayan danga. Baba ya ce cewa ta yi ba maganar tsohuwa ce ta kore ta ba, tsohuwa uwa ce, tana da haƙƙin tsoro. Shirun mijinta ne ya kore ta.

Daga wannan shekara wutar Kaka ta mutu. Ba wanda ya hana, lokacin ne ya tafi wani wuri. Da an yi magariba sai ta ɗauki akushi ta shiga ɗakin Baba Auta, ta zauna inda Hajo take zama, ta sa masa loma a hannu, ta kai shi bayan gida ta dawo da shi. Mu yara muka koma gidan maƙwabta sauraron rediyo. Maza sun roƙe shi ya dawo ciyayya, za a riƙa jawo shi, ya ƙi. Shekaru bayan haka, da soja suka sauka aka shiga jam'iyyu, tabarmar nan ta zama wurin da ake musu har ana jin su daga bakin kasuwa. A lokacin ne Malam Garba ya shigo ya nemi gafara, ya ce sun ɗauka rahoto yake rubutawa.

"Rahoton mi, Malam?" in ji Baba Auta. "Ni da ko akushi ban gani."

Ina jami'a a Yamai lokacin da ganinsa na rana ma ya fara tsukewa, na sa aka kawo shi wurin likitan ido. Ba fannina ba ne, ina iya kuskuren fahimta, amma ga abin da na riƙe. Likitan ya ce dundumi iri biyu ne. Akwai na rashin abinci mai kyau, wanda hanta ke warkarwa cikin kwanaki. Akwai na gado, wanda ba ya jin hanta, yana tafiya a hankali har ya rufe ido, kuma sau da yawa ta wajen uwa yake biyowa. Ya tambaya ko an taɓa samun mai irinsa a dangin mahaifiyarsa. Baba Auta ya ce akwai kawunsa, wan Kaka, wanda ya rasu makaho. Ya ce Kaka ce ke jan kawun nan tun tana budurwa, da farko da dare kawai.

Tun daga ranar tambayar da ta yi mini a kan kwano ta hana ni sakat. Wanda bai taɓa zama da mai dundumi ba, da wuya ya yi irin wannan tambaya. Haka kuma wutar da ba ta hura ba a maraicen da ta kira shi. Ina zargin ta sani. Ina zargin ta so ta tilasta masa ya faɗi da bakinsa, abin ya kuɓuce mata. Ko kuma, wanda ya fi muni, ta ga ya fi sauƙi a ce sammun baƙuwa ne da a ce jininta ne. Ba ni da hujjar da za ta tsaya. Yana yiwuwa karatu ne ya sa nake ganin dabara inda tsoro ne kawai. Yana kuma yiwuwa ina neman wanda zan ɗora wa kayan ne, tunda ni ce na ƙulle hantar a bakin zane.

Na gwada ta sau ɗaya, a wani hutu, tana tsinke yakuwa a inuwa.

"Kaka, ba ni gatanar mai tulu."

"Wace?"

"Wadda matar ke tara kwanakin mijinta."

"Babu irin wagga gatana. Lakwal ta cika miki kai." Ta ci gaba da tsinka, amma na lura ganyen take zubarwa tana aje karan.

Ta rasu ba mu sake tayar da maganar ba.

Yau ina da aure a Yamai. Maigidana malamin makaranta ne, mai son zaman gida. Da magariba yakan baje takardun ɗalibai a falo, ni ma in baje nawa aikin, ba abin da ya fi masa wannan. Ni ce ba na samun natsuwa. A shekarar farko kusan kullum sai na ce masa, "Yau ba za ka fada wajen hira ba? Abokanka suna can suna shayi." Har wata rana ya aje alƙalami ya ce, "Zainabu, korata kike, ko wani ne ya ce na yi yawa a gidana?" Ba wanda ya ce. Idan mahaifiyarsa ta zo daga ƙauye nakan buɗe ƙofa da taga, in zauna nesa da shi, in tabbata ta ga ya fita. Na san abin dariya ne ga mace mai digiri. Na kuma kama kaina ba sau ɗaya ba ina kallon ƙofar maƙwabta da aka rufe da wuri, ina tambayar raina me ake yi a ciki.

Da ina yarinya na ɗauka gatanar tana gargaɗin maza ne a kan mata masu cinye lokaci. Yanzu abin da nake gani a cikinta shi ne ba wanda ya tambayi saurayin ko shi ya so bayarwa, ba kuma wanda ya leƙa tulun kafin a fasa. Ban ce al'adar ciyayya mugun abu ce ba. Ta ciyar da magidanta da yawa a shekarun da rumbunsu ya ƙare ba tare da kowa ya sani ba. Amma a gidanmu ta sa mun kasa yarda cewa namiji zai iya zama da matarsa don yana bukatarta, ko don kawai yana so, sai da muka nemo wa abin wani suna.

Baba Auta yana nan da rai a gidan Baba, ya tsufa, ba ya ganin komai. Bai sake aure ba. Na karanta masa wannan rubutu kafin kowa. Bai gyara mini ko ɗaya ba, wanda hakan ma bai kwantar mini da hankali ba. Ya ce dai watannin nan su ne kaɗai lokacin da ya san ya zauna da mutum.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya zauna bakin wutar nan, ko yana bayan katanga a wancan maraice, idan ya ga na kauce, ya aiko mini da gyara ta hannun mutanen gidanmu, ko da gyaran zai nuna na zalunci Kaka. An ce Hajo ta yi aure wajen Bonkuku, wasu sun ce Damana. Idan tana raye, gyaranta ne na fi bukata, kuma idan ta ce a janye rubutun zan janye. Wanda ya san inda take ya kai mata saƙon da Baba Auta ya sa na rubuta yadda ya faɗa: ya ce da ma ya tako taki goman nan ya faɗi a gaban kowa.